Da Wane Mudu Za A Auna Ja-gorancin Ɗalibai A Jami'o'in Amurka?

Kowace shekara idan an buɗe jami'o'i da kwalejojin ƙasar Amurka wajen watan Agusta ko Satumba, dubban samari da 'yan mata 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ake kira 'yan Latino, sukan shiga aji a matsayin na farko a gidansu da ya taɓa taka wannan mataki. Domin irin waɗannan ɗalibai ne makarantu da dama suka ƙirƙiro wani shiri, watau a haɗa sabon shiga da wani ɗalibi na aji biyu ko na uku wanda zai zama masa ja-gora. Shirin yana da kyau a ido, yana kuma da daɗin faɗi a ranar bikin yaye ɗalibai. To, amma kyan gani dabam, amfani dabam. Duk shirin da aka kafa domin ɗalibi ya gama karatu, tilas ne a auna shi da yawan waɗanda suka gama, a kuma kwatanta su da 'yan uwansu masu irin halinsu waɗanda ba su shiga shirin ba. Yawancin rahotannin da ake rubutawa a kan waɗannan shirye-shirye ba su yin haka, kuma wannan sakaci yana iya jawo wa ɗaliban da ake son taimako babbar hasara.

Girman al'amarin

Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa 'yan Latino sun kai miliyan 62, watau kusan kashi 19 daga cikin ɗari na mutanen Amurka. A 2022 kuwa, daga cikin waɗanda suka kai shekara 25 zuwa sama, wajen kashi 21 daga cikin ɗari ne kawai na 'yan Latino suke da digiri na farko, alhali a wajen farar fata waɗanda ba 'yan Latino ba adadin ya kai wajen kashi 42. Wannan rata ce ta sa gwamnati da makarantu suka daɗe suna neman magani. Tun a shekarun 1964 zuwa 1968 aka kafa shirye-shirye uku na Gwamnatin Tarayya da ake kira TRIO domin 'ya'yan marasa ƙarfi, a 1980 kuma aka sa ɗaliban da iyayensu ba su da digiri cikin waɗanda doka ta ce a taimaka musu. A 1981 wasu malamai biyu, Patricia McGrath da Felix Galaviz, suka fara shirin Puente a Kwalejin Chabot ta Jihar Kalifoniya. Ma'anar wannan suna da Sifaniyanci ita ce gada, kuma shirin ya haɗa koyar da rubutu da ba da shawara da ja-goranci daga manya masu sana'a. A 1992 doka ta ware wani rukuni na makarantu waɗanda aƙalla kashi 25 daga cikin ɗari na ɗalibansu 'yan Latino ne, daga baya aka riƙa ba su tallafi na musamman.

Hikimar ɗora ɗalibi a kan ɗalibi ba ta da wuyar ganewa, domin da ɗan gari akan ci gari. Jami'a tana da ƙa'idodi masu yawa waɗanda ba a rubuta su a allo ba. Akwai ranar ƙarshe ta janye suna daga darasi ba tare da an rubuta wa mutum faɗuwa ba. Akwai sa'o'in da malami yake zama a ofis domin ɗalibai su zo da tambaya, waɗanda sabon shiga yakan ɗauka na masu laifi ne. Akwai takardar neman tallafin karatu da ake sake cikawa kowace shekara. Ɗan likita ko ɗan lauya yakan ji waɗannan abubuwa a gida tun kafin ya zo, amma wanda mahaifinsa yake aikin gona ko gini ba shi da wanda zai tambaya, kuma sau da yawa kunya takan hana shi zuwa wurin magatakarda. Ɗalibin da ya riga shi da shekara ɗaya ko biyu ya fi kowa sauƙin tambaya. Saboda haka babu mai musun cewa shirin yana da tushe. Abin da ya rage shi ne a san ko abin da ake tsammani yana faruwa.

Mudun da ake amfani da shi

Idan mai karatu ya duba irin rahoton da akan miƙa wa hukumar makaranta a ƙarshen shekara, zai tarar da abubuwa iri biyu. Na farko lissafin hidima ne: ɗalibai nawa suka rubuta suna, taro nawa aka yi, mutum nawa suka halarta. Na biyu kuma takardar tambayoyi ce da aka raba wa ɗalibai, inda mafi yawansu suka ce sun ji daɗin shirin kuma ya taimake su. Lissafin hidima yana nuna cewa ma'aikata sun yi aiki, kuma wannan ba abin raini ba ne, sai dai bai ce kome ba game da ɗalibi. Jin daɗi kuwa shaida ce mai rauni ƙwarai, domin mutum ba ya son ya kushe wa wanda ya yi masa alheri, kuma wanda ya riga ya bar makaranta ba ya nan balle ya cika takardar.

Tarihin Amurka yana da babban darasi a kan wannan. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na Jihar Massachusetts, inda aka ba yara maza 'ya'yan talakawa masu ba da shawara da ke ziyartarsu, aka kuma bar wasu yara masu irin halinsu ba a ba su ba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara 30 wata masaniya, Joan McCord, ta bi sawun mutanen, ta buga sakamakon a 1978. Wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa tambaya daga cikin 'yan shirin sun ce ya amfane su. Amma da aka duba takardun kotu da na asibiti, sai aka ga ba su fi 'yan uwansu ba, a wasu fannoni ma, kamar shaye-shaye da maimaita laifi, sun fi su shiga wahala. Wannan shiri ba na jami'a ba ne, kuma ba a cewa ja-gorancin ɗalibai yana cutarwa. Abin da ya tabbatar shi ne kyakkyawar niyya da godiyar mahalarta suna iya haɗuwa wuri ɗaya ba tare da an sami wani amfani ba.

Akwai rahotannin da suka ɗan ci gaba, waɗanda sukan ce kashi kaza na 'yan shirin sun dawo shekara ta biyu, alhali na sauran ɗalibai bai kai haka ba. Wannan ma yana da rami a cikinsa. Shiga shirin na ganin dama ne, kuma ɗalibin da ya karanta sanarwa, ya cika takarda, ya sami sarari ya zo taro, tun asali ya bambanta da wanda yake aikin dare a kanti ko yake renon ƙannensa. Mai yiwuwa ne na farkon zai dawo ko da ja-gora ko babu. Idan aka ba shirin ladan wannan bambanci, an yi kamar mai auna hatsi da ya danna mudu da hannunsa.

Maganin wannan sananne ne. Sau da yawa masu neman shiga sukan fi gurbin da ake da shi yawa. Maimakon a ɗauki waɗanda suka riga zuwa, sai a tara sunayen dukan masu nema a jefa ƙuri'a, sannan a bi sawun waɗanda ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa ba. Wasu sukan ce rashin adalci ne a hana ɗalibi mabukaci taimako domin bincike. Wannan magana tana da nauyi idan akwai gurbin kowa, amma idan gurbi 100 ne masu nema 200, dole a bar 100 ko ta wace hanya aka bi. Ƙuri'a ta fi tsarin riga-riga adalci, domin riga-riga yana fifita mai sukuni da mai labari, watau wanda ya fi ƙarancin bukata.

Abin da gwaji ya nuna

Inda aka yi irin wannan gwaji, sakamakon ya koyar da abin da takardar jin daɗi ba za ta taɓa koyarwa ba. A wata jami'a ta Kanada, masana uku, Joshua Angrist da Daniel Lang da Philip Oreopoulos, sun raba sababbin ɗalibai wajen 1,600 ta ƙuri'a. Wasu aka ba su ja-gora ɗalibi da zaman bitar darussa, wasu aka yi musu alkawarin kyautar kuɗi idan makinsu ya tashi, wasu aka haɗa musu duka biyu, saura kuma aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa ja-goranci shi kaɗai bai kawo wani canji mai yawa ba. Inda aka ga ci gaba sosai shi ne wajen mata waɗanda aka haɗa musu duka biyu. Maza kuwa ba su ma nemi ja-gororin nasu sosai ba, kuma makinsu bai motsa ba.

Bayan haka, a wani gwaji na Jami'ar Toronto da Oreopoulos da Uros Petronijevic suka buga a 2018, an ba kowane ja-gora ɗalibai 'yan kaɗan, aka kuma ɗora masa nauyin shi ne zai riƙa nemansu a kai a kai, ba zai zauna yana jira su zo ba. Makin waɗannan ɗalibai ya tashi ƙwarai, ko da yake rukunin ƙarami ne, alhali waɗanda aka riƙa aika musu da saƙon waya kawai ba su nuna wani canji ba. Suna ɗaya ake kiran shirye-shiryen biyu, amma aikinsu ya sha bamban. Tun a 2009 Gloria Crisp da Irene Cruz suka tattara rubuce-rubucen masana suka sami fassara sama da 50 ta kalmar ja-goranci. Don haka rahoton da bai faɗi sau nawa ake haɗuwa ba, da wa yake fara neman wani, da ɗalibai nawa ke hannun ja-gora ɗaya, da irin horon da aka ba shi, bai ba mai karatu abin da zai kama ba.

Har wa yau akwai tambayar wane ne ya dace ya zama ja-gora. Masu shirya irin wannan aiki domin 'yan Latino sukan ɗauka cewa ɗan Latino ɗan uwansa ya fi, saboda harshe da al'ada da sanin halin gida. Akwai abin da ke ƙarfafa wannan zato daga wani fanni. A Jami'ar Massachusetts ta Amherst, Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta sun raba mata 150 masu fara karatun injiniya ta ƙuri'a. A sakamakon da suka buga a 2017, dukan waɗanda aka ba ja-gora mace sun tsaya a fannin har ƙarshen shekarar farko, waɗanda aka ba namiji kashi 82 daga cikin ɗari suka tsaya, waɗanda ba a ba kowa ba kuma kashi 89. Wannan gwaji a kan jinsi aka yi shi, don haka ba hujja ba ce kai tsaye a kan asali. Amma ya nuna cewa tambayar tana da amsa idan an nema, kuma makarantun da ke cike da 'yan Latino a Teksas da Kalifoniya da Fulorida su ne suka fi kowa damar nemanta.

Wa za a ƙirga, kuma har yaushe?

Kafin a auna, sai an san wanda ake aunawa. A dokar tarayya, ɗalibin farko a gidansu shi ne wanda iyayensa ba su gama digiri na farko ba. Wasu makarantu kuwa suna nufin wanda iyayensa ba su taɓa shiga kwaleji ba ko da rana ɗaya. Tsakanin waɗannan fassarori biyu akwai dubban ɗalibai, kuma makarantar da ta zaɓi fassara mai faɗi za ta ga sakamakonta ya fi kyau ba tare da ta yi wani abin kirki ba. Haka kuma sunan Latino ya rufe jama'a iri-iri. Mafi yawa 'yan asalin Meziko ne, amma akwai 'yan Fotoriko waɗanda 'yan ƙasa ne tun 1917, akwai 'yan Kuba da Salbado da sauransu, akwai kuma waɗanda ba su da takardun zama, waɗanda doka ta hana su tallafin karatu na tarayya. Kamata ya yi a rarrabe lissafi tsakanin waɗannan, da tsakanin maza da mata, domin gwajin Kanada ya nuna cewa jimla ɗaya tana iya ɓoye nasarar wani ɓangare da faɗuwar wani.

Dangane da lokaci kuma, dawowa shekara ta biyu alama ce kawai, digiri shi ne manufa. Lissafin kammala karatu da aka saba da shi a Amurka yana ƙirga waɗanda suka fara a karon farko kuma suke karatu cikakken lokaci, a makarantar da suka fara. 'Yan Latino da yawa kuwa a kwalejojin shekara biyu suke farawa, suna karatu suna aiki, sannan su koma wata jami'a. Wanda ya koma wata makaranta ya gama a can, sai a rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace, alhali mai yiwuwa ja-goransa ne ya nuna masa hanyar. Akwai wata cibiya ta ƙasa, National Student Clearinghouse, wadda take riƙe da bayanin rajistar kusan dukan ɗaliban ƙasar, saboda haka makarantar da ta ce ba ta iya bin sawun ɗalibanta ba ta da uzuri mai ƙarfi.

Masu goyon bayan shirin sukan ce akwai abin da alƙaluma ba su kamawa, kamar jin cewa mutum ɗan gida ne a makaranta, da samun wanda ya fahimci dalilin da ya sa ɗalibi yake komawa gida kowane ƙarshen mako domin ya yi wa iyayensa tafinta a asibiti. Gaskiya ne, kuma masana irin su Laura Rendón da Tara Yosso sun daɗe suna nuna cewa iyali da al'ada ƙarfi ne ga waɗannan ɗalibai, kuskure ne a ɗauke su nauyin da sai an sauke kafin a yi nasara. Hira da ɗalibai tana da muhimmanci, musamman da waɗanda suka bari, domin ita ce take bayyana dalili. Amma idan jin zama ɗan gida yana da amfanin da ake faɗi, lalle ya kamata ya bayyana a yawan darussan da aka ci da yawan waɗanda suka karɓi takardar digiri. Idan shekara huɗu ko shida suka wuce bai bayyana ba, to akwai abin da ya fi shi ƙarfi da ke jan ɗalibai baya.

Abin da ja-gora ba zai iya ba

Sau da yawa wannan abin kuɗi ne. A 2007 Jami'ar Birnin Niyu Yok ta fara wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta na shekara biyu. An cike wa ɗalibi giɓin kuɗin makaranta, an ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, an ba shi littattafai, an kuma haɗa shi da ƙwararren mai ba da shawara wanda ɗaliban hannunsa ba su da yawa, bisa sharaɗin zai yi karatu cikakken lokaci. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin ta ƙuri'a a kan ɗalibai kusan 900, da yawansu 'yan Latino ne, ta kuma bayyana a 2015 cewa kashi 40 daga cikin ɗari sun gama cikin shekara uku, sauran kuwa kashi 22. Da aka kwaikwayi shirin a Jihar Ohayo, an sami kashi 35 a kan 19. Irin wannan sakamako yana da tsada. Abin tsoro shi ne hukumar makaranta ta zaɓi ja-gorancin ɗalibai saboda arha, ta buga hotunansa a mujallarta, ta ɗauka ta sauke nauyi. Ɗalibi ɗan aji uku ba zai biya wa ƙanensa kuɗin haya ba. A 2024, lokacin da sabuwar takardar neman tallafin tarayya ta ƙi karɓar bayanin iyayen da ba su da lambar shaidar ma'aikata ta ƙasa, 'ya'yan baƙin haure da yawa sun yi makonni suna jira, kuma babu ja-goran da zai iya gyara wannan.

Bugu da ƙari, su ma ja-gororin ɗalibai ne, kuma galibi daga irin gidajen da ƙannen nasu suka fito. Kowace sa'a da suka ba wani, sun cire ta ne daga karatunsu ko daga aikin da ke ciyar da su. Rahoton gaskiya zai nuna ko ana biyansu, da nawa, da yadda makinsu ya kasance a shekarar da suka yi hidima. Zai kuma nuna abin da aka kashe a kan kowane ɗalibi da ya gama ta dalilin shirin, domin a kwatanta da abin da kuɗin za su yi idan da an saya wa ɗalibai littattafai ko an ɗauki ƙarin mai ba da shawara.

Lokaci ya ƙure

Wannan magana ta ƙara gaggawa a 'yan shekarun nan. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, abin da ya sa makarantu da yawa suka sake duba duk wani shiri da ke ɗauke da sunan wata al'umma. A watan Satumba na 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar tsayar da tallafin wajen dala miliyan 350 da take ba makarantun tsiraru, har da na 'yan Latino. Ranar da aka zauna rage kasafi, shirin da yake da lissafi tsayayye yana da abin kare kansa, wanda kuwa ba shi da kome sai hotuna da wasiƙun godiya shi ne za a fara yankewa, ko da a ce yana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aikacin gwamnati da ke rubuta rahoton shekara, da ɗalibin da shi ma na farko ne a gidansu da ya shiga jami'a, kowannensu ya san yadda lissafin taro da yawan mahalarta yake maye gurbin sakamako. Nauyin da ke kan hukumomin jami'o'in Amurka shi ne su tsara ma'auni tun ranar da suka tsara shiri, su ware masa kuɗi, su ba wanda ba ma'aikacin shirin ba ya riƙe shi, su kuma buga abin da aka samu ko da bai yi musu daɗi ba. Iyayen da suka tura ɗansu na fari jami'a da gumin gona da na gini suna jiran ranar da zai dawo da digiri, kuma sun cancanci a gaya musu gaskiyar ko taimakon da ake yi masa yana kai shi can.